Tasha Goma Sha Ɗaya zuwa Gidan Zu

A ofishin masu zanen gine-gine da ke hawa na uku, babu wanda ya kai Baba Masinja daɗewa, har da kujeru. Shekara ashirin da bakwai yana kai musu takardu. Manaja huɗu suka zo suka tafi yana nan, na biyar ɗin kuwa sa'an babban ɗansa ne. Wurin zamansa benci ne a bakin ƙofa, kusa da tukunyar kashe gobara, kayan aikinsa kuma wata baƙar jaka wadda sau uku ana sake mata maɗauri.

Kafin ya zama masinja ya yi shekara shida yana kwandasta, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Yakan ce kowace bas da muryarta kamar mutum: akwai mai tari, akwai mai nishi, akwai wadda birkinta ke kuka tun daga kwana. Matasan ofis suna yi masa dariya, shi ma ya taya su. Da wannan sanin hanya ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya sa su makaranta, ya aurar da huɗu, saura Auta da ke ajin ƙarshe. Bai taɓa ɓatar da takarda ko ɗaya ba, kuma duniya in akwai abin da yake taƙama da shi, to wannan ne.

Sai idonsa ya fara yana. Da fari na hagu ne, sannan na dama ya bi sahu. Cikin shekara ɗaya da rabi ya koma kallon duniya kamar ta gilashin da aka shafa wa sabulu ba a ɗauraye ba. Yana ganin mutum amma ba ya ganin fuskarsa, yana ganin bas amma lambar da ke goshinta ta zama wani ja-ja kawai. Ban da mai ɗakinsa babu wanda ya gaya wa. Tsoronsa ɗaya ne: masinjan da ba ya karanta adireshi, wa zai riƙe shi? Saura shekara uku ya yi ritaya da mutuncinsa, ga Auta ba ta gama ba. Sai ya ja bakinsa ya yi gum, ya koma aiki da kunne da hanci da ƙirgen taku.

Abin da ya taimake shi, a ganinsa, lalacewar yaran zamani ne. Sakatariya, yarinya mai hankali a da, ta ɗauki wata ɗabi'a ta rubuta adireshi a bayan ambulan da alƙalami mai kauri, baƙaƙe manya-manya kamar mai rubuta allon shago. Baba yakan girgiza kai ya ce a zamaninsu da an sha bulala a kan irin wannan rubutu, amma in ya kai ambulan ɗin kusa da hancinsa yana karantawa tsaf. Shi kuma Injiniya son girma ya kama shi. Duk safiya sai ya tsaya a gaban benci ya ce, "Baba, ni ne Injiniya, ina kwana?" kamar wani ya yi masa gardamar muƙaminsa. Baba ya amsa, a ransa yana cewa Allah ya raba mu da son a sani.

Ana nan, wata Litinin Manaja ya tara kowa a ɗakin taro. Mutum ne mai saurin magana da saurin fushi, mai son sabon abu. Ya ce ya lura ma'aikata ba sa jituwa, masu zane ba sa gaisawa da masu awo, don haka ranar Asabar ta sama kowa da kowa za a je gidan zu a wuni tare, a saba da juna. Kuma ba mai zuwa da motarsa. Bas za a hau, ta kowa da kowa, a matsu tare a yi gumi tare. Waya ma, da an taru za a zuba su a jaka ɗaya, don ya gaji da ganin ƙeyar mutane.

Cikin mutum goma sha tara da ke wurin, rabinsu rabonsu da bas tun suna ɗalibai.

"To wa zai tsara mana hanya?" in ji wani.

"Ga gwani muna da shi," in ji Manaja, ya nuna ƙofa. "Baba, aikinka ne. Ƙarfe goma mai zagayawa da mu zai jira mu a ƙofar zu. In muka makara zai ɗauki wasu."

Baba ya miƙe ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Sai dai duk yawon da ya sha a garin nan bai taɓa kai takarda gidan zu ba. Biri ba ya gina gida, zaki ba ya neman zane.

Washegari da aka tashi daga aiki bai nufi gida ba. Ya hau bas ɗin da ya saba da ita zuwa babbar tasha, wannan ko da ido rufe zai iya. A can ya yi ta tambaya har aka nuna masa inda ta gidan zu ke lodi, rumfa ta huɗu daga famfo. Ya tsaya ya saurari injinta ya haddace. Wata mata da ke kusa da shi ta ce masa ba a ƙofar zu take ajiyewa ba, a Tsohuwar Masaƙa ake sauka a gangara ta wani lungu. Ta ƙara da cewa ya yi hattara, don in ya wuce nan bas ɗin hawa babban titi take yi, ba ta sake tsayawa sai wajen gari.

Allon da ke ɗauke da sunan kowace tasha ba ya karantuwa gare shi, sai ya yi dabararsa. Duk inda bas ta tsaya ya lanƙwasa yatsa ɗaya a kan cinyarsa. Bayan ta bakwai ya ji tayoyi sun canza murya, an hau gada. A ta takwas ya ji ƙarar zarto ta Kasuwar Katako, a ta tara hayaniyar 'yan makaranta. Bayan ta goma ƙamshin gidan burodi ya shigo ta taga. Yatsu goma sun ƙare, ya buɗe ɗaya, matar ta taɓa shi ta ce, "Baba, nan ne." Ya sauka ya ƙirga taku ɗari uku da arba'in zuwa ƙofar zu, ya shafa ƙarfen ƙofar, ya juyo. Ranar Alhamis ya sake zuwa shi kaɗai ba tare da ya tambayi kowa ba, lissafi ya fita daidai. Ya sake komawa Talata don ya tabbatar. Tasha goma sha ɗaya, ba ƙari ba ragi.

Sakatariya ta same shi a benci ta ce, "Baba, da ka faɗa mini sunayen tashoshin na buga a takarda, kowa ya riƙe."

"Takardar me, 'yata? Ga takarda nan," ya buga goshinsa da yatsa. "Ku dai ku biyo ni."

Ta yi jim kamar za ta ƙara magana, sai ta ce to, ta koma teburinta.

Mai ɗakinsa ce ba ta ce to ba. Da safiyar Asabar tana goge masa riga ta ajiye dutsen guga ta ce, "Malam, mutum goma sha tara fa. Kai kaɗai in ka ɓata ka dawo, babu wanda ya sani. Ka je ka faɗa wa yaron nan gaskiya tun kafin a ji kunya."

"In faɗa masa ya ce na gode, ga hanya?"

"In ya ce haka ai ba mutuwa za mu yi ba."

"Ke dai ki yi mini addu'a."

"Addu'a kullum ina yi. Asibiti ne ka ƙi zuwa." Ta miƙa masa rigar, ta gyara masa maɓallin da ya sa a ramin da ba nasa ba.

Ƙarfe takwas aka taru a ƙofar ofis. Manaja ya zagaya da jaka, kowa ya jefa wayarsa yana ɓata rai. Bas ta farko ba ta ba da wahala ba. Baba na gaba da baƙar jakarsa, manyan ma'aikata na biye da shi a layi kamar 'yan makaranta. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa yana neman inda zai ɗaura bel, aka yi ta yi masa tsiya. A babbar tasha Baba ya ƙirga rumfa huɗu daga famfo, ya kasa kunne, ya ce, "Ga tamu nan." Aka shiga, aka ga kuwa ita ce. Wani ya ce lallai Baba ya fi waya. Daɗi ya kama shi har ya ji kamar ya ƙara tsawo.

Manaja ya zauna a kujerar farko, daf da direba. Baba ya samu wuri a tsakiya, Sakatariya a gefensa ta wajen taga. Bas ta tashi. Ta tsaya, ya lanƙwasa yatsa. Ta yi tafiya mai ɗan nisa ta sake tsayawa, biyu. A baya masu awo sun fara waƙa, masu zane suna buga kujeru, abin da Manaja ke so ya fara samuwa. Uku. Sai Baba ya ji tayoyi sun canza murya a ƙarƙashinsa.

Gada. Gadar da ya kamata ta zo bayan yatsa na bakwai.

Nan take ya gane abin da ya yi, shi da ya yi shekara shida yana kwandasta. Duk gwajin da ya yi, a ranakun aiki ya yi shi, lokacin tashin ma'aikata, sa'ad da kowace tasha ke cike da masu hawa da masu sauka. Yau Asabar ce da safe. Bas ba ta tsayawa inda babu mai jira, sai in an danna mata ƙararrawa. Ta wuce tasha huɗu ba ta ko rage gudu ba, kuma haka za ta wuce sauran. Ya buɗe hanci yana neman gidan burodi, babu abin da ya ji sai turaren Injiniya. Ya waiga taga, ya ga alluna suna wucewa fari-fari, babu baƙi ko ɗaya da ya tsaya masa.

Ya yi tunanin ya je ya raɗa wa direba, amma Manaja na nan a kunnen direban, kuma wane bayani zai yi, mutumin da ya buga goshi ya ce takarda na nan? Ya yi tunanin ya danna ƙararrawa da ka, in an dace an dace. In ba a dace ba ya sauke mutum goma sha tara a inda shi kansa bai sani ba, ko ya kai su wajen gari. Ya dubi yatsunsa uku da ke lanƙwashe a kan cinya. Takarda bai taɓa ɓatarwa ba, yau ga shi zai ɓatar da ofis ɗungurungum saboda girman kai.

Ya sunkuyo wajen Sakatariya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "'Yata."

"Na'am, Baba."

"Allunan nan da muke wucewa. Ba na ganinsu. Na daɗe ba na gani."

Ya jira ta yi salati, ko ta zaro ido. Ko juyowa ba ta yi ba, fuskarta na kan taga.

"Wanne muke nema?" ta ce.

"Tsohuwar Masaƙa."

"Yanzu muka wuce Kasuwar Katako."

"To saura biyu. Mai zuwa ta makaranta ce, sai gidan burodi, sai tamu."

"Ga ta makaranta." Ta ci gaba da duban taga. "Ga gidan burodi, yau a rufe yake. Baba, tashi ka danna. Kai za ka danna."

Ya miƙe ya lalubo maɓallin a jikin ƙarfe ya danna, ya ɗaga murya irin ta da can, ta kwandasta: "Akwai sauka! Kowa ya ɗauki kayansa!" Aka yi tafi. Bas ta tsaya a Tsohuwar Masaƙa, goma saura kwata.

Suna gangarawa lungu yana ƙirga taku, ƙirgen ya riƙa kuɓuce masa, don wani lissafin daban ya shiga kansa. Ta ce wanne muke nema, ba ta ce me ya same ka ba. Ya tuna baƙaƙen nan manya-manya na bayan ambulan. Ya tuna yaushe suka fara.

"'Yata," ya ce, "rubutun nan naki na allon shago."

Ta yi dariya. "Ranar da ka gaida tukunyar kashe gobara na sayi alƙalamin, Baba."

"Shi kuma wancan mai ni ne Injiniya?"

"Ni na ce ya riƙa faɗa. Sau biyu kana kiransa da sunan mai gyaran lantarki, ya zo yana tambayata ko ya yi maka laifi."

"Wa da wa suka sani?"

"Ka tambayi wa bai sani ba. Manaja kaɗai. Mun ce kai ne za ka faɗa masa, ranar da ka ga dama."

Shekara guda yana zagin yaran nan a zuci, yana ganin wayonsa ne ke rufa masa asiri, ashe su ne suka kewaye shi suka rufe. Kunya ta kama shi, godiya kuma ta fi kunyar yawa. Ya share ido da hannun riga, ya ce turaren Injiniya ne ya shige masa.

A cikin zu an sha kallo, sai dai ban da shi. Aka ce ga zaki can kwance, ya ga wani tarin yashi. Aka ce ga kada, ya ga ruwa. Wajen birai ma dariyar mutane kawai ya taya. Sai da aka zo wurin giwa ya ja ya tsaya, ya riƙe shinge. Wannan kam ya gan ta, tun daga kunne har haure, tana kaɗa hanci tana watsa wa kanta ƙasa. Ya daɗe bai ga abu sosai haka ba.

Manaja ya zo ya tsaya kusa da shi yana fifita da hula, baki har kunne. "Baba, ka fitar da ni kunya. Ka ga masu awo da masu zane suna cin abinci a faranti ɗaya?"

Da Baba ya yi shiru da an wuce wurin. Amma ya ga in ya yi shiru, yaran nan za su ci gaba da ɗaukar nauyin ƙaryarsa, kuma ranar da ta fashe har su za ta shafa.

"Ranka ya daɗe, duk gidan nan wannan kaɗai na gani."

Ya faɗa masa komai, tun daga idon hagu har yatsu uku. Bai ambaci sunan kowa ba. Fara'ar Manaja ta ɗauke.

"Shekara ɗaya da rabi? Kana tsallaka titi da takarduna a haka? In mota ta kaɗe ka, me zan gaya wa iyalinka? Ka mai da ni mutumin banza, Baba!" Ya mai da hularsa ya juya ya tafi. Har aka dawo bai sake yi masa magana ba. A bas ɗin dawowa Sakatariya ta riƙa karanta alluna da ƙarfi, Injiniya na maimaitawa kamar mai shela, babu wanda ya tambayi dalili.

Lahadi Baba ya wuni a gida yana shafa wa baƙar jaka mai. Ya ce in mayar da ita zai yi, ya mayar da ita da kyanta. Mai ɗakinsa ba ta ce ai na faɗa maka ba, wannan ma ya gode mata.

Litinin ya hau hawa na uku ya zauna a bencinsa. Injiniya ya zo ya tsaya. "Baba, ni ne..."

"Na sani, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Amma ka ci gaba da faɗa."

Can aka ce Manaja na kira. Ya shiga da jakar a hannu, ba a kafaɗa ba. Manaja bai ce ya zauna ba, ya turo masa farar ambulan a kan tebur.

"Aike ne. Yau za ka kai."

Baba ya ɗauka. Ya kai ta kusa da hancinsa. Baƙaƙe ne manya-manya da alƙalami mai kauri, amma karkatattu, ba hannun Sakatariya ba. An rubuta: Likitan Ido, hawa na biyu, ƙofa ta uku. A ƙasa kuma: mai ɗauke da wannan shi ne mara lafiyar.

"Ƙarfe goma sha ɗaya yake jiranka," in ji Manaja, yana juya takardu ba tare da ya ɗago ba. "Na yi magana da shi jiya, ya ce yanar ido cire ta ake yi. Sai ya sallame ka za ka sake taɓa mini takarda. Bencinka ba mai zama a kai. Kuma motata za ta kai ka, ban son gardama."

"Ranka ya daɗe, na gode. Allah ya saka da alheri, Allah ya raya maka zuriya. Amma motar a bar ta. Hanyar asibitin na san ta, tasha shida ce."

Manaja ya ɗago ya harare shi.

"Zan tambaya," in ji Baba da sauri. "Wallahi zan tambaya."

Ya sa ambulan ɗin a jaka, ya rataya jakar a kafaɗa ya sauka. A tasha akwai wata mata da kwandon kaya tana jira. Bas ta taho tana nishi, muryar da ya sani sarai. Duk da haka ya juya ya ce, "Baiwar Allah, taimaka mini, idona ba ya gani sosai. Lamba nawa ce wannan?"

Ta faɗa masa, ta riƙe masa gwiwar hannu ya hau.